Kanarin da Ya Haddace Kukan Rijiyarmu

Duk ƙasar nan, daga Dakoro har Ɗan Gulbi, in akwai macen da ta fi ni sanin kanari, a kawo ta mu zauna tabarma guda. Ban yi karatu ba, baƙi ko ɗaya ban sani ba, amma abin da idona ya gani, kunnena ya ji, yana nan ajiye, ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Na riƙe tsuntsaye da dama a zamanina. Na farkon ne har yau ban gama mamakinsa ba.

Lokacin Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba. Dakoro kuwa ba gari ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Rijiya ce mai zurfi, da 'yan bukkoki, da rumbuna, sai daji iyakar ganinka. Mu manoma ne masu 'yan bisashe. Da damina mu yi hatsi, da rani mu bi sahu a bakin rijiya tare da Fulani da Buzaye. Ni ina 'yar yarinya, ban isa daka ba, amma na isa ɗaukar ƙaramin tulu.

Bayan an gama ɗaure hatsi, Baba ya tafi saran ƙaya don ya shinge rumbu. Ya jawo wani reshen farar ƙaya har gida. Sai da aka zo kafawa na hango sheƙa liƙe a tsakanin ƙayoyin, 'yar mitsitsiya, ba ta fi bakin ludayi ba. Ɗan tsuntsu guda ne a ciki. In da yana da 'yan'uwa, to sun zube a hanya. Ba gashi a jikinsa sai tsiro-tsiro, bakin ya fi kan girma, yana ta hangame shi sama.

Na kai wa Kaka, uwar Baba, wadda nake kwana ɗakinta. Ta juya sheƙar ta ce, "Ɗiyan mawaƙan nan ne na kan ƙaya. Fatake kanari suke ce musu, har ɗauka suke su kai birni. Ba zai kwana ba, ja'ira, kada ki sa ranki."

Ya kwana. Na riƙa tauna hatsi ya yi laushi, in ɗauko a kan tsinke in sa mishi. Ruwa kuwa a kan yatsa nake ɗiga mishi. Na tono gara a gindin shinge, ya haɗiye kamar an yi mishi alkawarinta. Da Kaka ta ga ya ƙi mutuwa, sai ta sa na tsinto mata sillen kara, ta zauna ta haɗa mishi ɗan akurki da ƙofa mai zarewa, tana yi tana zagina wai na ɗora mata aiki da tsufanta.

Baba bai lura ba sai da abin ya yi gashi. Ya shigo gaida Kaka, ya ji motsi a saman kansa, ya ɗaga ido.

"Mene ne wancan?"

"Tsuntsuna ne, Baba."

"Tsuntsu? A gidan nan? Har yanzu muryata ba ta gama komowa ba daga korar danginsa a gona, ke kuma kin sa shi ɗaki kina tauna mishi?"

"Ai ba jan baki mai cinye gona ba ne, Baba."

"Yana da baki?"

"Yana da."

"To me yake ci da shi? Ƙasa?"

Kaka ta ce, "Kai, bar mata abinta. Kai da kana kamarta ba bushiya ka ɓoye mini a tukunyar daddawa ba? Har yau yatsan nan bai manta ba."

Baba ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, bushiya ba ta cin hatsi." Sannan ya juyo gare ni. "An ce mawaƙi ne. To ya yi waƙa. Na ba shi daga nan har hatsin baɗi ya nuna. Ranar da zan karya tumu, in bai rera mini komai ba, a zare mishi ƙofa ya bi 'yan'uwansa, ki kore shi da majajjawa kamar kowa."

Tumu shi ne zangarniyar fari da ake karyowa a gasa tun hatsi na tsaye. Baba kuwa in ya faɗi magana ba ya komawa ya tsince ta. Da ya fita na tambayi Kaka ko tsuntsun zai iya zaman daji. Ta ce tsuntsun da ya ci daga bakin mutum bai san shaho ba, bai san inda ake samun ruwa ba, kwana kaɗan zai yi. Tun daga ranar na san abin da ke gabana: ko ya yi waƙa, ko ya mutu.

Muna da wata kyanwa marar kunya, don haka ba na barinsa gida. Kullum in na ɗauki tulu, sai in rataya akurkin a kafaɗa mu tafi rijiya tare, in saƙale shi a jikin wata aduwa, in zauna jiran sahu. Jiran kuwa ba kaɗan ba, don sai bisashe sun sha kafin a waiwayi masu tulu.

Bari in gaya muku yadda rijiyar take, don ku na yanzu ba ku same ta ba. Zurfinta ya fi ƙarfin hannu. Gwafa aka kafa a bakinta, aka sa wani gungumen icce mai juyawa a tsakani, igiya na bi ta kansa. Takarkari ke jan igiyar, ya yi nisa har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki, gugan fata, ya fito cike da ruwa a juye a komin shayar da bisashe. Buzaye suna da sunansu na wannan gungume, mu dai iccen rijiya muke cewa. Kakana ne ya sassaƙa shi, mijin Kaka, tun Baba na yaro mai kora takarkari. Ni ban san Kakan ba, ya rasu ba a haife ni ba. Iccen ya tsage ta gefe guda, shi ya sa kukansa ya fita daban: ya ja ƙiii mai tsawo, ya sake ja, sannan ya yi 'yar shaƙuwa, ƙwat, daidai inda igiya ke tsallake tsagar. Daga hantsi har la'asar haka yake yi. Mu da muka tashi da shi ba ma jinsa ma.

Tsuntsuna ya girma. Ba rawaya ba ne irin na kudu, toka-toka ne, da ɗan fari a gindin wutsiya. Yana ci, yana wanka a sakaina har ya jiƙa ni, yana tsalle daga wannan sille zuwa wancan. Waƙa fa babu. Sai ɗan "cit" in ya ga hannuna.

Kaka ta ce namiji kaɗai ke waƙa, wataƙila mace na tsinta. Na ce ta duba mini. Ta kama shi, ta kifa shi a tafin hannu, ta hure gashin cikinsa, ta ƙura ido.

"Me kika gani, Kaka?"

"Ciki."

"Na namiji ko na mace?"

"Yo ni na san abin da nake nema? Na ga dai ana yi wa kaji haka."

A bakin rijiya kowa ya zama malamin tsuntsu. Wata Bafillatana mai kawo mana nono ta ce in ba shi kindirmo, shi ke buɗe maƙogwaro. Wani tsohon Buzu mai shayar da raƙuma ya ce in sa mishi barkono, ko dutse ne sai ya yi magana. Na gwada kindirmon, ya tsoma baki ya goge a jikin sille kamar na zage shi. Barkonon ban gwada ba, ina da hankalina tun ina ƙarama.

Abin da na yi shi ne kallo. Ni mutum ce mai son sanin dalilin abu, har aka riƙa ce mini na cika bin diddigi. Na lura in raƙuma na kuka ko shanu, bai damu ba. Mata na dariya, bai damu ba. Amma da takarkari ya ja, iccen ya fara ƙiii, sai ya tsaya cik, ya karkata kai, ido guda sama. Da zafi ya shigo sai na ga gashin wuyansa na kumbura yana rawa, baki a rufe. Na kai kunne jikin akurki. Can ciki, ƙasa-ƙasa, yana wani gunaguni, kamar mai tuna abin da aka aike shi ya faɗa.

Ran nan da tsakar rana muna gida, kowa ya nemi inuwa, Kaka na kaɗi a bakin ɗaki. Sai muka ji ƙiii. Aka sake, ƙiii. Sannan ƙwat.

Kaka ta dakata da mazarinta ta ce, "Wane marar tausayi ne ke jan ruwa da wannan rana?"

Akuyarmu da ke ɗaure ta miƙe, ta ja igiya ta nufi ƙofa, tana tsammanin lokacin sha ya yi. Ni kuwa na ga abin da idona. Yana kan sille, wuya a kumbure, baki a buɗe, rijiyarmu ce ke fitowa daga cikinsa. Siririya ce, ba ta kai ta gaskiyar ƙarfi ba, amma ba abin da ya rage, har shaƙuwar.

Kaka ta yi dariya har mazari ya faɗi. Kafin la'asar duk bukkokin sun ji. Mata suka riƙa leƙowa suna cewa, "Ina mai rijiya? A ba mu ruwa mana!" Ni ko a jikina, ina ta tsalle, na ɗauka magana ta ƙare. Da Baba ya komo na tare shi tun daga shinge. Ya zo ya tsaya, tsuntsun ya yi mishi sau guda.

"To, Baba, ya yi."

"Ya yi me?"

"Waƙa."

"Wannan waƙa ce? Icce ne ke neman mai. In wannan nake son ji, ga ta can kullum ba na ba ta ko ƙwaya. Na ce waƙa irin ta danginsa. Maganata na nan."

Haushi ya kama ni, amma mamaki ya fi haushin yawa. Ni da ina tsammanin waƙar tsuntsu a cikin ƙwai take, da ita ake ƙyanƙyasarsa, kamar yadda ake haifar ɗan akuya da kukansa. Me ya kai kukan icce bakin kanari? Na dami Kaka da tambaya har ta gaji ta ce, "Ke, ɗiyar maƙwabtanmu da aka ba Fulani riƙo, da ta komo wane harshe take yi?" Na ce Fulatanci. Ta ce, "To ki ƙyale ni in yi kaɗina."

Na zauna na yi tunani. In da kunne ya ɗauka, to laifin inda nake rataye shi ne. Bai taɓa jin ubansa ba. Sai in kai shi inda danginsa suke.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, tafkuna suka cika, bisashe suka bar rijiya, mu ma tafki muke ɗiba. Iccen ya yi shiru. Na riƙa bin Baba gona da akurkina. A gefen gonar akwai farar ƙaya babba, can mawaƙan ke taruwa da safe, suna zuba waƙa kamar ana zazzage tsaba a ƙwarya, ba tsayawa. Na rataye shi a reshen ƙasa na koma nesa na laɓe. Suka sauko, wani har ya dira a kan akurkin, ya buɗe fiffike yana neman faɗa. Nawa ya maƙale a kusurwa. Da suka saba da shi sai ya fara karkata kai, ido guda sama, yadda yake yi wa iccen. Na ce madalla.

Sai kuma ya yi shiru gaba ɗaya. Ba ta dangi, ba ta rijiya. Gashinsa ya fara zuba, in na zo share akurki in tarar da shi a ƙasa kamar ƙaiƙayi. Wuyansa ya yi sanƙo, ya takure, ya yi muni. Na kai wa Kaka ina kuka, na ce wani ya yi mishi baki. Ta nuna mini zakaranmu da ke yawo da rabin wutsiya ta ce, "Shi ma bakin aka yi mishi? Tufa yake sakewa. Ki ba shi abinci ki rufe mini baki."

Na ba shi. Na riƙa zago mishi 'ya'yan ciyawa masu ɗanye, irin waɗanda na ga na dajin suna ci, da ɗan ganyen gasaya, da gara, da yashi mai laushi don na ga suna tsattsaga a ƙasa. In hadari ya taso in lulluɓe akurkin da zanena, ni in sha dukan ruwan. Hatsi kuwa bai jira mu ba. Ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi. Kowace safiya sai in dubi zangarniya, in dubi wuyan tsuntsuna, in ga wa zai riga wani.

Cikin haka aka yi wani ruwa mai yawan gaske, tun safe har rana ta karkata. Da ya ɗauke aka zo aka ce bakin rijiya ya rufta. Maza suka tafi da gudu. Baba ya komo da laka har gwiwa, ya zauna a bakin ɗakin Kaka. Ta ba shi ruwa. Can ta ce, "Iccen fa?"

Ya ce, "Yana ƙasa, Inna. Da shi da gwafar. Ba ta haƙuwa, sai dai a yi sabuwa."

Kaka ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ɗauki mazarinta, amma ban ga ta murza ba. Ni a lokacin ban ɗauki abin da girma ba, hankalina na kan akurki.

Hatsi ya nuna. Jan baki suka zo kamar hayaƙi, aka kafa mini rumfa a tsakiyar gona, da igiya mai sakaina da nake ja tana ƙara, ina ihu har murya ta dushe. Ga ni ina korar dubu, ga guda rataye a gefen kaina ina yi mishi firfita. Sabon gashi ya fito mishi sumul, ya fara gunagunin nan na ƙasa-ƙasa, amma bai buɗe baki ba.

Da safiyar ranar karya tumu na hango Baba yana ratsowa cikin hatsi, yana taɓa zangarniya yana murzawa a hannu. Na san abin da ya kawo shi. Ya iso gindin rumfa ya ce, "Sauko mini da shi."

Na sauko da akurkin. Na rataye a gwafar rumfa daidai fuskarsa. Na ce, "Baba, bai daɗe da sake gashi ba."

"Na sani."

"In aka ƙara mishi ko kaɗan ne…"

"Hatsi ya ƙara wa wani?"

Ya tsaya, na tsaya. Tsuntsun ya yi tsalle nan, ya yi can, ya goge baki. Can a kan farar ƙaya wani na daji ya kama zubawa. Nawa ya karkata kai. Sai wuyan ya kumbura. Wallahi ina ganin abin kamar yau. Ya fara da ta danginsa, tsabar nan mai zuba, ba ta kai tasu tsawo ba, yana yi yana tuntuɓe, amma ita ce. Na buɗe baki zan ce Baba ka ji, sai ya saki wannan ya ja ƙiii. Ya sake ja. Ƙwat.

Na ce a raina shi ke nan ya ɓata. Na saci kallon Baba. Bai dube ni ba. Hannunsa na kan ƙofar akurkin, bai zare ba. Tsuntsun ya sake kamawa daga farko, ya zo ya ja, ya ja, ya yi shaƙuwar.

Baba ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Nan ne igiya ke tsallake tsagar. Tsoho ya ce zai sake wani, bai sake ba."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya juya, ya kama wata zangarniya mai kyau, ya karya, ita ce tumun farko na shekarar, wadda a ƙa'ida Kaka ake kai wa. Ya gutsuro kanta ya tura ta tsakanin sille. Ya ce, "Ki ɗauke shi daga rana, ke ba ki ga yana haki ba?" Ya sa sauran a hammata ya tafi, har ya yi nisa ya waiwayo ya daka mini tsawa wai jan baki sun sauka ta gabas ina tsaye ina washe baki.

Ba a sake maganar zare ƙofa ba. Akurkin ya koma bakin ɗakin Kaka, kuma na lura gaisuwar safe da Baba ke zuwa yi ta ƙara tsawo. Da rani aka haƙa sabuwar rijiya, aka sa sabon icce mai kuka sumul ba shaƙuwa. Na riƙa kai tsuntsuna can da gangan, in ga ko zai sake. Ya saurara, ya karkata kai, bai ɗauka ba. Tsohon Buzun nan mai barkono in ya zo shayarwa sai ya durƙusa gaban aduwa ya ce, "Ɗiyata, sa shi ya jawo mana ta da." Tsuntsun ya shekara da yawa a hannuna, har na tafi ɗakin miji da shi, kuma bai taɓa rera ta danginsa ba tare da ya rufe da rijiyar ba.

Bayan shi na yi ta gwaji, don abin bai bar ni ba. Na reni wani a gindin turmi, in ga ko zai ɗauki luguden daka. Bai ɗauka ba. Na reni wani kusa da masaƙi, shi ma ko oho, sai ya tashi da kukan 'yan tsaki, abin kunya. Wata kuwa na yi ta jira shekara guda, ashe mace ce, sai da ta yi ƙwai na sani. Na iya gane mai lafiya daga tsayuwarsa, na iya sanin ranar da gashi zai fara zuba, na san ciyawar da ke gyara murya. Amma abin da ya sa wancan ya tsallake raƙuma da shanu da surutun mata ya zaɓi tsagaggen icce, na tambayi fatake, na tambayi maharba, ba wanda ya ba ni amsar da ta shiga kaina. In a cikinku akwai mai shirin renon ɗan kanari, ya zo ya gaya mini inda zai rataye shi, ina da sauran wuri biyu da ban gwada ba.